Tarihin Karo-karo Wajen Buga Littattafan Labarin Zane

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa karɓar kuɗin masu karatu kafin a buga littafi tsohuwar al'ada ce. A Ingila, ta wannan hanya Alexander Pope ya fitar da fassararsa ta Iliad, juzu'i shida, daga 1715 zuwa 1720. Tukuicin waɗanda suka biya tun da fari shi ne littafin, da kuma buga sunayensu a cikinsa.

Da aka buɗe Kickstarter a Amurka cikin 2009, sai masu zana labarai waɗanda ba su da kamfanin ɗab'i suka farfaɗo da al'adar ta intanet. Ƙa'idar ita ce, idan ba a kai adadin da aka nema ba, ba a karɓar ko anini. Idan an kai, kamfanin zai ɗebi kashi 5 cikin ɗari. A 2012 Rich Burlew ya nemi dala 57,750 don sake buga The Order of the Stick, ya tara fiye da dala miliyan ɗaya.

Sai dai kowane tukuici bashi ne a wuyan mai zane. A Janairun 2013 gidan wayar Amurka ya ƙara kuɗin aika ƙunshi zuwa ƙetare, waɗanda suka yi lissafi da tsohon farashi kuwa dole suka cike giɓin daga aljihunsu. Saboda haka muna ganin wajibi ne a ƙididdige kuɗin ɗab'i da na aikawa, a kuma ware rara, kafin a yi alkawarin tukuici.