Haɗin gwiwar ƙasashe wajen binciken ƙwaƙwalwa da gado kan jarabar shaye-shaye

Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci da iyaye ita ce: me ya sa mutum biyu za su ɗanɗana abu guda, ɗaya ya bari, ɗaya kuma ya kamu har ya rasa aiki da dukiya da mutunci? Masana suna neman amsar ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, wadda ke amfani da maganaɗisu wajen nuna girma da kaurin sassanta ba tare da an yi tiyata ba. Ta biyu kuwa ita ce nazarin ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyayensa.

Dalilin haɗa ƙarfi

Ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana da tsada, shi ya sa a da yawancin bincike bai wuce na mutane gommai ba. Bambancin da ake nema kuwa ƙarami ne ƙwarai, don haka sakamakon wani ɗakin bincike yakan saɓa wa na wani. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna cewa sai da dubban mutane ake samun abin dogaro a irin wannan aiki. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai cibiyoyi suka fara tara abin da kowa ya samu wuri guda.

Gamayyar ENIGMA

An kafa ta a 2009, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Paul Thompson na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, kuma ta haɗa masana daga ƙasashe fiye da 40. Tsarinta shi ne kowace cibiya ta auna hotunanta da ƙa'ida iri ɗaya, sannan a haɗa alƙaluman bayan an cire sunayen masu su.

Reshenta mai kula da shaye-shaye, wanda Hugh Garavan da Scott Mackey na Jami'ar Vermont ke cikin jagororinsa, ya fitar da babban rahotonsa a 2019. An duba mutum 3,240 daga ɗakunan bincike 23, daga cikinsu 2,140 sun kamu da ɗaya daga abubuwa biyar: barasa, taba sigari, hodar iblis, metamfetamin da tabar wiwi. An ga raguwar girma ko kauri a sassa da dama na ƙwaƙwalwarsu, kuma illar ta fi fitowa fili a wajen masu shan barasa. Wasu sassan, musamman waɗanda ke da hannu a yanke shawara da jin motsin cikin jiki, sun nuna raguwa ko da wane abu ne mutum ya kamu da shi.

Bin matasa tun suna ƙanana

Hoto ɗaya ba ya faɗin abin da ya riga wani: shin shaye-shayen ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko kuwa dama can tana da wani rauni? Don warware wannan ne aikin IMAGEN, da kuɗin Tarayyar Turai da jagorancin Farfesa Gunter Schumann, ya ɗauki matasa kusan 2,000 'yan shekara 14 a birane takwas na Ingila, Ailan, Faransa da Jamus, aka ci gaba da bibiyarsu har suka girma. A 2014 masanan suka bayyana cewa idan aka haɗa hoton ƙwaƙwalwa da gado da ɗabi'a da tarihin rayuwar yaro, ana iya hasashen wanda zai faɗa shan barasa fiye da kima yana ɗan shekara 16, da daidaiton kusan kashi 70 cikin 100. Abin lura shi ne halayyar yaro da abubuwan da suka same shi a rayuwa sun fi gado nauyi a wannan hasashe. Amurka ma tana da irin wannan aiki mai suna ABCD, wanda ke bin yara kusan 12,000 tun suna 'yan shekara 9 zuwa 10.

Rabon gado

Nazarin tagwaye ya nuna cewa kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar barasa yana da alaƙa da gado. Sai dai babu wata ƙwayar halitta guda da za a nuna a ce ita ce ta shaye-shaye. Dubbai ne, kowace da ɗan tasirinta. Daga cikin sanannu akwai CHRNA5 da ke da alaƙa da yawan shan sigari, da ALDH2, wadda wani nau'inta da ya yawaita a Gabashin Asiya ke sa barasa ta ƙi jikin mai shi. Wato gado yana ƙara haɗari ko ya rage shi, amma tarbiyya da abokai da halin rayuwa da sauƙin samun kayan maye suna da nasu babban rabon.

Inda aka gaza

Har yanzu ba a amfani da hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin jini wajen tantance wanda zai kamu. Sakamakon yana bayani ne kan jama'a a dunƙule. Haka kuma mafi yawan waɗanda aka yi nazarin gadonsu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin halitta. Wannan giɓi ya shafi Najeriya, inda binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda. Tiramadol da kodin, waɗanda suka addabi matasan ƙasar, ba sa cikin abubuwa biyar ɗin da rahoton 2019 ya duba.