ZARE: Yadda aka gano laujen da ke cikin jini 🧵

1/ A babbar sakandare, aji ɗaya, malamin bayoloji ya zana mana jan ƙwayar jini a allo, kamar waina mai lotsawa a tsakiya. Na haddace don jarrabawa kawai. Shekara 2 bayan nan, ina zaune a asibiti da ƙanena yana kukan ciwon ƙashi, na gane abin da zanen yake nufi. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga 1665. Wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya yanka ɓawon icen da ake yin murfin kwalba da shi, ya duba a madubin ƙara girma. Sai ya ga ƙananan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. Ya kira su "sel". Eh, kalmar nan dai ta sel ɗin 'yan sanda, ma'anarta ƙaramin ɗaki.

3/ Abin da Hooke ya gani bangon matattun ƙwayoyi ne, babu rai a ciki. A 1674 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba jini da gilashin da ya goge da hannunsa, ya bayyana jajayen ƙwayoyin da ke yawo a ciki. Bai yi jami'a ba fa.

4/ Sai a 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka haɗa maganar: tsiro da dabba duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1855 Rudolf Virchow ya yaɗa cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa, ya kuma koyar da cewa a cikin ƙwaya ake neman tushen cuta. Ku riƙe wannan.

5/ Ƙwayoyin jikinmu sun raba aiki, kuma siffar kowace ta dace da aikinta. Ta jijiyar saƙo doguwa ce kamar waya. Ta maniyyi tana da jela don iyo. Jan ƙwayar jini kuwa 'yar dako ce: tana ɗaukar iskar oksijin daga huhu ta kai ko'ina a jiki.

6/ Don wannan dakon, idan ta girma sai ta yar da cibiyarta, wato nukiliyas, ta cika cikinta da sinadarin himogulobin. Tana da laushi, tana lanƙwashewa ta ratsa hanyoyin jinin da suka fi ta ƙanƙanta. Tana yin kwana 120 kafin a maye gurbinta.

7/ To yanzu ga inda tarihi ya taɓo gidanmu. A 1904 wani saurayi baƙar fata daga tsibirin Grenada, Walter Clement Noel, ya je Shikago a Amurka karatun likitan haƙori. Rashin lafiya ta kai shi asibiti. Wani ƙaramin likita, Ernest Irons, ya duba jininsa a madubi.

8/ Maimakon waina, sai ya ga wasu ƙwayoyin sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa, James Herrick, shi ya wallafa rahoton a 1910, kuma sunansa ne ya shahara. Daga kalmar lauje a Turanci muka samo "sikila". Noel ya gama karatu ya koma gida yana aiki, ya rasu a 1916.

9/ Kar ku ɗauka a 1910 cutar ta fara. Mu nan da ma muna ce mata amosanin jini. Wani likita ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar ciwon a danginsa har zuwa wajen 1670. Iyaye sun san ciwon tun tuni. Abin da madubi ya ƙara shi ne nuna inda yake.

10/ Amma me ke lanƙwasa ƙwayar? A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila ya sha bamban da na sauran mutane. A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin wurin.

11/ Ku ɗauki sarƙa mai ɗuwatsu 146. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin haka take. A mai sikila, dutse na 6 kaɗai aka sauya. Ɗaya tak. Idan oksijin ya yi ƙasa, sai himogulobin ɗin ya manne wa juna ya zama sanduna, ya tanƙware ƙwayar.

12/ Ƙwayar da ta zama lauje ta yi tauri, ba ta iya ratsa ƙananan hanyoyi, sai ta toshe su. Wurin da jini bai kai ba shi ke wannan azabar. Kuma tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci, ido ya yi ɗorawa. Ba maita ba ce, ba aljanu ba.

13/ Me ya sa ta yi yawa a wajenmu? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda maleriya ta yi katutu, yara masu AS suka fi rayuwa, suka girma suka haifa. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila.

14/ Ga lissafin da iyayenmu ba su samu wanda ya yi musu ba. AS ya auri AS: a KOWANE ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS. Ba wai ɗa 1 cikin 'ya'ya 4 ba. Kowane ciki sabon lissafi ne. Wani gidan su haifi 3 a jere duk SS, wani gidan ko ɗaya.

15/ Umma ta taɓa ce min, "Da mun sani, da mun yi gwajin." Ban ga laifinsu ba, a lokacinsu babu mai zancen. Mu kuwa ba mu da wannan uzurin. Ni AS ne. Na faɗa wa wadda nake nema tun kafin a kai ga maganar manya, don kar zuciya ta yi nisa.

16/ Ƙanena yana nan, yana karatu, yana shan maganinsa da ruwa da yawa, yana guje wa sanyi. Masu sikila ba abin tausayi ko tsangwama ba ne, kulawa suke buƙata.

17/ Daga Hooke zuwa Ingram an ɗauki kusan shekara 300. Kai gwajin jinotayif ɗinka ɗigon jini ne kawai. Idan ba ka san naka ba, idan ba ki san naki ba, a je a yi, a kuma maimaita a wani wurin don tabbatarwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa wanda ke shirin aure.