Asalin Labarin Samudawan Zamfara

A ƙasar Zurmi akwai wani tsohon mazauni da ake kira Dutsi. Zamfarawa sun ce nan kakanninsu suka fara kafa gari, tun ba a san Gusau ko Ƙauran Namoda ba. Mutanen nan maharba ne, ba su kuwa riga sun karɓi Musulunci ba, kuma shugabansu na fari sunansa Dakka. Bayansa aka yi Jatau, da Jimir Dakka, da Kokai-kokai, da Dudufani, sa'an nan wata mace, Argoje, wadda wasu ke kira 'Yargoje. A Dutsin nan akwai wasu manyan tuddai, waɗanda aka gada kaka da kakanni cewa kaburburan sarakunan nan ne. To, wanda ya tsaya ya dubi girman tudu, aka ce masa mutum guda ne kwance a ciki, ai ba sai an gaya masa tsawon mai kabarin ba. Daga nan maganar ta tashi, wai sarakunan Zamfara na farko samudawa ne.

Ka san halin masu ba da labari, kowa ya karɓa sai ya ƙara nasa gishirin. Wannan ya ƙara wa mutanen tsawo, wancan ya ƙara musu ci, wani ya ƙara musu murya. Da Musulunci ya shigo, malamai suka riƙa karanta wa jama'a ƙissar Samudawa, mutanen Annabi Salihu, waɗanda suka sassaƙa gidaje a cikin duwatsu, aka hallaka su, gidajen suka saura. Masu sauraro suka waiwaya, ga Dutsi, ga tuddai, ga mutanen da suka shuɗe ba su yi salla ba. Sai suka ɗauki sunan suka liƙa wa nasu kakannin.

Ba Zamfarawa kaɗai ke da irin wannan ba. Tarihin Kano ya ce Barbushe, mai tsafin Tsumburbura a Dala, da sandarsa yake kashe giwa, ya ɗauko ta a ka. Barebari kuma suna da labarin mutanen Sau na bakin tafkin Cadi, su ma wai ƙatta ne, ana nuna manyan tukwanen da suka bari.

Abin tambaya, ta yaya labarin Dutsi ya zo ya zauna a Anka, har yaran Bukkuyum da Gummi ke jin irinsa a dandali, alhali tsakaninsu da Zurmi tafiya ce mai nisa? Yaƙi ne ya kawo shi. An ce Sarki Bakurukuru ya bar Dutsi ya gina Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yanzu, birnin ya ƙasaita. Daga baya Gobirawa suka gangaro daga arewa suka nemi wurin zama, aka ba su. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ba ta bushe ba. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Gidan sarautar Zamfara ya watse, aka zauna Kiyawa, aka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, sai bayan jihadin Shehu Usmanu aka tabbata a Anka. Shi ya sa har yau sarkin Anka ake kira Sarkin Zamfara. Mutanen da suka rasa birni ba su ɗauko ganuwa a ka ba, sunayen kakanni suka ɗauko. A ganina, gwargwadon nisan da suka yi da Dutsi, gwargwadon haka kakannin suka ƙara tsawo a bakin jikoki.

Ƙaurar nan kuwa ta bar kufai birjik a ƙasar, shi ne reshe na biyu na labarin, mai sa gashin jiki tashi. A tungayen yamma, irin su Tungar Guru, yaro yakan tashi da gargaɗin kada ya ratsa kufai da rana tsaka ko da almuru, kada ya yi fito a can, in ya ji an kira sunansa kada ya amsa. Wai mutane sun tashi, mutanen ɓoye sun tare. 'Yan bori suka ƙara da cewa kuka da tsamiya gidajen iskoki ne, Doguwa ma a kuka take zama. Kuka kuwa ba ta rabuwa da kufai, don inda mutane suka daɗe suna miya da ganyenta, suna shan garin 'ya'yanta suna zubar da ƙwallon, nan take tsirowa, kuma takan fi garin tsawon rai da ɗaruruwan shekaru. A ƙarƙashinta ga tsofaffin rijiyoyi da ciyawa ta rufe, ga ramukan marina, ga macizai, a da har da kura. Uwar da ta ce wa ɗanta akwai aljani a kufai ta san rijiya ma tana nan, ta dai zaɓi abin da zai fi tsayar da shi ne.

Yanzu rashin tsaro ya ƙara wa ƙasar sababbin kufai, tsofaffin da suka riƙe labarun kuma suna ta ƙarewa a garuruwan da suka yi hijira. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna Anka ya tattara tarihin sarakunan Zamfara daga bakin mutanenta, aka buga littafin a Berlin a 1959. Da Jamusanci ya rubuta shi. Ya kamata malaman tarihi na jami'o'in Gusau da Sakkwato su kawo shi hannun yaran Anka, Gummi da Bukkuyum cikin Hausa.