Tsakanin Takardun Kaduna da Adakar Kaka: Ina Aka Rubuta Asalinmu?

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani rabon gado ne da aka kira mu bara.

Gida ne tsoho, na ƙasa, mai zaure biyu. Da muka zauna lissafa magada sai wani dattijo ya taso daga Garwa ya ce kakansa da kakan mamacin uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mamacin bai bar ɗa namiji ba, kun ga ke nan maganar asaba ta taso, kuma ba a raba dukiyar marayu da "na ji an ce". Muka nemi shaida. Tsohuwar da ta san zancen ta rasu shekara uku da suka wuce. Adakar da takardun gidan suke ciki kuwa ruwan 2012 ya shige ta, lokacin da aka saki madatsar Lagdo, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Wata bakwai ana kai ruwa rana kafin a yi sulhu, kuma har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa.

Tun daga nan muke tambayar kanmu: shin mu Hausawan Jimeta, a ina labarinmu yake rubuce?

Bari mu fara da abin da kowa ya yarda da shi. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna Gurin, ya koma Ribaɗu, daga bisani ya kafa Yola a 1841. Ba a jima ba fatake suka biyo hanya daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno, suna kawo tufafi da kayan ƙira, suna wucewa Ngaundere da Banyo da Tibati neman hauren giwa, kuma, gaskiya ɗaya ce, har da bayi a wancan zamani. A 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, Bajamushen nan Barth da ake kira Abdulkarim ya iso Yola. Kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi, domin daga Barno ya fito, kuma a lokacin tsakanin Barno da Fombina ba daɗi. A watan Satumba na 1901 sojan Ingila suka hau Binuwai da jiragen ruwa suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Daga nan bakin kogi ya samu daraja. Idan ruwa ya cika da damina jirage su kawo gishiri da atamfa, su kwashi gyaɗa da fatu. Da wannan ciniki Jimeta ta girma, kakanninmu da yawa kuma shi ya zaunar da su. Ku saurari sunayen unguwanni kawai, Alƙalawa, Gwadabawa, Yalwa, kunnen Bahaushe ai ba ya neman tafinta.

To, duk abin da Bature ya rubuta a ofishin Razdan na Yola, mafi yawansa ba ya Yola. Yana Kaduna. An kafa hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa a 1954 da ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, da manyan rassa uku, Ibadan da Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna shi aka tara wa takardun lardunan Arewa. A can fayilolin Lardin Yola suke, wanda a 1926 aka haɗa shi da wani ɓangare na Muri ya zama Lardin Adamawa. Akwai rahoton shekara-shekara na Razdan, da rahoton ƙiyasin haraji wanda Di'o yake bi gunduma-gunduma yana ƙirga mutane da sana'o'insu da dabbobinsu, da wasiƙu tsakanin fada da Razdan, wasu da Larabci, da takardun shari'u da na naɗi da tuɓe hakimai.

Mun je da ƙafarmu, da muka kai kaya Kaduna. Wallahi abin ya ba mu tausayi, ya kuma ba mu sha'awa. Takarda ta yi ja, in ka juya da gaggawa sai ta karye a hannunka. Amma ga shi, mutumin da ya rasu shekara ɗari yana maka bayani da rubutun hannunsa.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, kada wani ya kashe kuɗin mota a banza. Bature ba don zumuncinmu ya yi rubutu ba, don mulki da haraji ya yi. Salsalar gidan sarauta za ka same ta a jere, wane ya haifi wane, domin yana son sanin wanda zai naɗa. Amma ɗan koli da mahauci da dillali, yawanci adadi ne su a cikin jadawali, ba suna ba. Sunan kakanka zai fito ne idan ya taɓa riƙe mai unguwa ko sarkin wata sana'a, ko ya shiga shari'a babba, ko ya kai kuka a rubuce. Abin da takardun Kaduna za su ba mu shi ne shaida cewa jama'armu na nan tun wuri, da irin sana'arsu, da harajin da suka biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yau da yaro zai je neman takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma a ce masa baƙo, alhali kabarin kakan kakansa yana garin nan.

Akwai kuma wata matsalar. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuwa ta faɗa hannun Jamus, daga baya Faransa. Saboda haka wanda danginsa suka rabu tsakanin Jimeta da Garwa, kamar dattijon da muka ambata, rabin labarinsa yana cikin takardun wata ƙasa, da wani harshe.

Wuri na biyu a Kaduna shi ne Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. A can aka adana littattafan Modibbo Ahmadu Fufore, malami kuma alƙali na ƙasar nan, bayan an share su an jera an yi musu rajista. Wannan ya isa darasi: kayan gida ɗaya ne, amma da aka kula da su sun zama abin da masana ke yi wa tafiya. A nan kusa kuma akwai gidan tarihi na fadar Lamiɗo a Yola, wanda da yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba ko da yara. Mai jin Turanci ya nemi littafin Kirk-Greene na 1958 kan Adamawa, da na Farfesa Sa'ad Abubakar na 1977 kan Lamiɓe na Fombina.

To ina namu? Namu yana cikin ɗakunanmu. Ku buɗe tsohon Alƙur'ani bugun hannu da ke cikin gafaka, ku duba ganyen ƙarshe. Sau da yawa marubuci yakan sa sunansa da na mahaifinsa da garinsu da ranar da ya kammala. Ku duba bayan Dala'ilu da Ishiriniya, inda tsofaffi ke rubuta ranar haihuwa da rasuwa da ajami. Ku duba littafin bashi na kanti, da rasiɗin haraji, da takardar cinikin gida mai hatimin alƙali, da wasiƙun da ake aikowa daga Kano. Ko takardar kanta shaida ce: in ka ɗaga ta a rana ka ga tambarin jinjirin wata uku, to irin wadda ake kawowa daga Italiya ce ta hanyar Sahara, masana kuma suna kintatar shekarun littafi da irin wannan tambari.

Abin baƙin ciki, mu da kanmu muke hallaka su. Mai gida ya rasu, a ce takardun malam ne kada a taka, sai a ƙone ko a binne gaba ɗaya ba a duba ba. Niyyar mai kyau ce, amma a cikin tokar nan har da sunan kakan da za a nema gobe.

Ga shawararmu. Kowane gida ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a zaunar da mafi tsufa, musamman iyaye mata, domin su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. A rubuta sunaye har inda aka sani, da garin da aka fito, da sana'a. Inda aka yi saɓani a rubuta duka ƙaulin biyu da sunan wanda ya faɗa, kada a ƙara gishiri, kada kuma kowa ya jingina kansa da gidan da ba nasa ba, wannan Shari'a ta yi hani da shi. Yara su ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a wasu garuruwa. Asalin takardar a naɗe ta da farin ƙyalle, ba leda ba don tana riƙe danshi, kada a liƙa mata salatif, a ɗora ta sama inda ruwa ba ya kai wa. Wanda ya ga 2012 da 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Malamai sun karantar da mu cewa ana neman sanin nasaba don a sada zumunci, ba don alfahari ba. Duk wanda yake da tsohuwar takarda da ya kasa karantawa, ya same mu a masallaci bayan La'asar ranar Asabar, mu duba tare, kyauta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kan zuriyarsu, amin.