Sa-ɗaka: Sunan da Ya Ɓoye Bauta a Cikin Ɗaki

Yau idan aka ce ƙwarƙwara, da yawanmu farka ko daduro ke faɗo mana a rai. Ba haka kakanninmu suka san kalmar ba. A wurinsu ƙwarƙwara baiwa ce da ubangidanta ya keɓe wa kansa, ba ɗaurin aure, ba sadaki, kuma ba ta cikin lissafin mata huɗu.

Ɗaya sunan nata ya fi fito da zancen fili: sa-ɗaka, wato wadda aka sa a ɗaka. Ba ita ta shiga ba, sa ta aka yi. Turawa na ce mata concubine, daga kalmomin Latin biyu masu nufin kwanciya tare. Larabawa na cewa surriyya, wadda malaman lugga da dama suka danganta da sirri. Ɗaki, kwanciya, sirri: duk cikinsu babu sunan da ya ambaci yaƙin da aka kamo ta ko kasuwar da aka sayo ta.

Amma ba a rasa ta da haƙƙi ba. A fiƙihun Malikiyya, idan ta haifa wa ubangidanta ta zama ummul walad: ba a sayar da ita, tana samun 'yanci ranar da ya rasu, ɗanta kuma ɗa ne, yana cin gado daidai da 'ya'yan matan aure. Ta wannan ƙofar wasu suka kai ga iko. Khaizuran, mahaifiyar Haruna Rashid, da bauta ta shiga gidan halifa. A fadar Kano, tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), saɗaku na da hannu a kula da hatsin sarki.

A Arewacin Nijeriya, dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilun shekarar, ta 1936 kuma ta soke bautar baki ɗaya. Sai dai al'ada ba ta mutuwa rana ɗaya. A 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 ta zama wahaya, abin da ake kira mata ta biyar.

Saboda haka idan muka jefi wata da wannan kalma don zagi, mu tuna cewa masu sunan na asali ba a taɓa tambayar yardarsu ba.