Hayaƙi Mai Tsawa da Gadar Kan Iyaka

Yau alƙalaminmu ya nufi kudancin Afirka, inda kogin Zambezi ya raba Zambiya da Zimbabuwe. A wurin nan kogin yakan shimfiɗu har faɗinsa ya kai kimanin mita 1,700, sa'an nan ya afka gaba ɗaya cikin kwazazzabo mai zurfin fiye da mita 100. Feshin ruwan da ke tashi sama ana hango shi daga nesa kamar hayaƙin gobarar daji, rugugin kuwa ba ya yankewa dare da rana. Shi ya sa mutanen wurin suka kira wannan magangarar ruwa Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa.

Sunan da taswira ta sani daban ne. A watan Nuwamba na 1855 mutanen Sekeletu, sarkin Kololo, suka ɗauki wani Bature ɗan mishan, David Livingstone, a kwalekwale, suka kai shi wani tsibiri da ke daidai bakin gangaren. Ya leƙa ya gani, ya raɗa wa wurin sunan Sarauniyar Ingila, Victoria. Littattafan Turawa suka ce shi ya gano shi. Mu dai a saninmu, wanda aka kai a kwalekwale ba shi ya san hanya ba.

Bayan shekara hamsin sai ga gada. Cecil Rhodes, wanda ya yi burin shimfiɗa layin dogo daga Cape Town har Alƙahira, shi ya so a gina ta kusa da gangaren, yadda feshin ruwa zai riƙa sauka a kan taragai. Ya rasu a 1902 bai gan ta ba. Aka ƙera ƙarafanta a Ingila, aka yi dakonsu ta teku da jirgin ƙasa, aka buɗe ta a 1905. Ita ta kawo otal da 'yan yawon buɗe ido, ta kuma raya garin Livingstone, wanda ya zama hedkwatar Rodeshiya ta Arewa kafin a koma Lusaka a 1935.

Kogin da masu kwalekwale ke ƙetarawa safe da yamma, dangi nan dangi can, shi ya zama iyaka. Mu da layin Turawa ya ratsa tsakaninmu da 'yan'uwanmu ba ma bukatar a fassara mana wannan. Zambiya ta sami 'yanci a 1964, tsallaken kuwa ya zauna a hannun Turawa 'yan tsiraru ƙarƙashin Ian Smith, har aka rufe iyakar a 1973. A watan Agusta na 1975 aka nemi sulhu, aka ajiye taragon jirgin ƙasa a tsakiyar gadar, daidai kan layi: Smith da mutanensa suna zaune a ɓangaren Rodeshiya, shugabannin 'yan gwagwarmaya a ɓangaren Zambiya, su da ke tsoron kamu idan suka taka ƙasarsu. Kenneth Kaunda da John Vorster na Afirka ta Kudu suka halarta. Aka tashi baram-baram, yaƙi ya ci gaba, sai a 1980 Zimbabuwe ta sami kanta.

Mai niyyar zuwa yau ya lura da lokaci. A watannin Afirilu da Mayu ruwa ya cika maƙil, feshi yakan rufe ido ya jiƙa mutum sharkaf, sai da rigar ruwa. Wajen Oktoba da Nuwamba kuwa ɓangaren Zambiya yakan kusa ƙafewa, duwatsu su fito fili, kallo ya fi kyau daga Zimbabuwe. Ko ta ina ka fito, ka riƙe fasfonka ka taka zuwa tsakiyar gadar. Inda taragon nan ya tsaya, yau matasa ne ke biyan kuɗi a ɗaure musu igiya a ƙafa, su yi tsalle cikin kwazazzabon.