Dage da Masu Amya a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Kafin noman auduga ya mamaye ƙasar Funtua da Malumfashi, musamman bayan isowar layin dogo daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, dazuzzukan yankin sun kasance mazaunin dage, wato dabba mai farin gadon baya da baƙin jiki, ɗan dangin wulbarin na ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha. Kaurin fatarsa kan rage masa zafin harbin ƙudan zuma, saboda haka ya zama babban abokin gabar masu amya, wato kwandon ciyawa da ake shafewa da kashin shanu a ɗaure can saman rassan ɗorawa. Sare daji domin gonaki ya ƙuntata mazauninsa ƙwarai, abin da ya kasance asara ga yankin.